Naira ɗari biyar da Allah ya isa: farashin littafin Hausa a waya

Akwai wani shago a layinmu, nan Tirkaniya, da na buɗi ido na gan shi cike da littattafai. Igiya ce a ɗaure daga wannan kusurwa zuwa waccan, an rataye littattafan hikaya a kanta kamar shanya, bangayensu duk hotunan furanni da 'yan mata. Mai kuɗi ya saya, wanda bai da su ya karɓi haya, littafi ya kwana ɗaya a hannunsa ya maido. Yawancin masu hayar matan aure ne da ba su cika fita ba, sai su rubuta sunan littafi a 'yar takarda su aiko yaro. Mu ne 'yan aiken. Lokacin masaƙun Kakuri suna aiki, in wata ya mutu kuɗi na zagayawa a unguwa, mai shagon kuma ba ya haɗa mako uku bai hau motar Kano ya saro sababbi ba.

Kwanan baya na tsaya a shagon zan ciri kuɗi. Igiyar tana nan yadda na santa, sai dai wayoyin caji da robobin bayan waya ne a jikinta. Kan teburin da ake jera littattafai da, injin POS ne da wata tsohuwar kwamfuta.

Na ce, "Baba, ina littattafan nan?"

Ya dafa kwamfutar ya ce, "Suna nan ciki, ɗana, har sun fi na da yawa. Kawo wayarka da naira ɗari biyu in cika maka ita, sai ka gaji da karatu."

Na ce, "To, Baba, masu rubutun fa, nawa ne nasu a ciki?"

Ya ɗan yi shiru yana kallon titi, sannan ya ce, "Ni ma turo min aka yi."

Dattijon nan ba ɓarawo ba ne, bai kuma taɓa kallon kansa a haka ba. Shekara da shekaru ya yi yana biyan dillalan Kano kuɗin kowane kwafi. Ƙasa ce ta zame a ƙarƙashin sana'arsa, ya kama abin da ya samu. Amma amsar tasa ta tsaya min a rai, domin a cikinta na ga duk ciwon da ke damun littafin Hausa yau. Littafin ya bar takarda ya koma waya, masu karatu sun ƙaru, masu rubutu sun ƙaru, kuɗin da ake biya kuwa bai kai ya ɗauki nauyin littafi ba. Ra'ayina ke nan, kuma ba na ɓoye shi: littafin Hausa na waya ya yi araha har arahar ta fara cin littafin kansa.

A ƙasashen Turawa rigimar farashin littafin waya tsakanin manya aka yi ta. A watan Nuwamba na 2007 kamfanin Amazon ya fito da na'urarsa ta karatu, Kindle, ya tsayar da farashin sababbin littattafai masu tashe a kan dala 9.99, ko da kuwa shi ya saye su a hannun kamfanonin ɗab'i fiye da haka. Asarar da gangan yake yin ta, don ya tara masu karatu a rumfarsa. Kamfanonin ɗab'i suka tsorata, suna ganin in mutane suka saba da dala goma ba wanda zai ƙara sayen bugun takarda mai tsada. Da Apple ya zo da iPad a 2010 sai suka ƙulla da shi cewa su ne za su riƙa sa farashi, shi ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari. Farashi ya haura. A 2012 gwamnatin Amurka ta maka Apple da manyan kamfanonin ɗab'i biyar a kotu bisa haɗa baki, a 2013 kotu ta sami Apple da laifi, ƙarshe a 2016 ya biya dala miliyan 450. Ana cikin wannan ne kamfanin Borders, mai ɗaruruwan kantunan littattafai, ya rufe a 2011. Faransa kuwa wata hanya ta bi. Tun 1981 take da dokar da ta ce wanda ya buga littafi shi ke yanke farashinsa, mai kanti ba ya da ikon rage fiye da kashi 5 cikin ɗari, a 2011 kuma aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da littafin waya. Manufarsu kada babban ɗan kasuwa ya karya farashi ya kashe ƙananan kantuna.

Su can ɗan kasuwa ɗaya ne ya yi ƙarfi har ya fi ƙarfin masu kaya. Mu nan ba haka cutarmu take ba. Ba mu da Amazon, ba mu da babban kamfanin ɗab'in da zai ja da shi. Abin da muke da shi dubban ƙananan tebura ne, kowace marubuciya da nata, a kasuwar da ba ta da ƙofa balle mai gadi.

Kafin mu yi wa takarda kuka, ya kamata mu faɗi gaskiya a kan zamanin nata. Littafin boko na Hausa a hannun hukuma ya tashi. Gasar 1933 ta ofishin Rupert East ita ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 farashinta ma a cikin sunanta yake. Aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. A wannan tsari akwai edita, akwai mai duba ƙa'idar rubutu, akwai makarantun da ke saye, amma ƙofar ƙarama ce, 'yan kaɗan ke shiga. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda NNPC ya buga a 1980, ta hanyar gasa ya samu shiga. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka rungumi littattafan makaranta, sai marubuta suka fara bugawa da kuɗin aljihunsu. Nan aka samu abin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da Bala Anas Babinlata.

A wannan zamanin marubuci shi ne mai ɗab'i, shi ne mai jari. Ya sayi takarda, ya biya maɗaba'a, ya ɗauki kaya ya kai wa dillali. Dillali ya karɓa bashi, ya ce sai an sayar. Duk wanda ya zauna da marubutan lokacin ya ji labarin sintiri a kasuwa, yau a ce ka dawo jibi, jibi a ce mai shago ya yi tafiya. Raba littafi kashi uku ko huɗu da aka riƙa yi, dabarar jari ce: kuɗin na ɗaya shi zai buga na biyu. Haya ma, wadda nake tunawa da ita da daɗi, ba kobon da take kai wa marubuci. Kwafi ɗaya ya zagaya gida talatin a Tirkaniya, mai shago ya ci riba sau talatin, marubuci sau ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce waya ce ta fara cin haƙƙin marubucin Hausa bai san kasuwar da ba. Bambancin kawai, kwafin takarda yana tsufa, ya yage, dole a sayi wani, kuma ba ya kwana a gida biyu dare ɗaya.

Abin da ya ƙarasa takarda kuwa tsadarta ce. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, da dala. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024. Tawada, faranti, man janareta, kuɗin mota daga Kano zuwa Kaduna, komai ya bi ta. Littafin hikaya mai shafi ɗari biyu in aka buga shi yau, kuɗin da zai tsaya a kai ya fi ƙarfin matar da ke lissafin cefane. Ita kuwa wayar tana hannunta tuni.

Ga yadda cinikin yake a yanzu, kamar yadda nake ganinsa a wayar ƙanwata, wadda ba ta kwana ba ta yi karatu ba. Marubuciya za ta fara sakin labari shafi-shafi, kyauta, a zaurukan WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. In aka kai shafi na goma ko na sha biyar, daidai inda labari ya ɗau zafi, sai ta ce na kyauta ya ƙare, daga nan littafin kuɗi ne. Ta sa lambar asusu. Mai so ta tura naira ɗari biyar, wani lokaci dubu, ta ɗauki hoton shaidar biya ta aika, a jefa ta cikin zauren waɗanda suka biya. Wadda ba ta da asusu ta tura katin waya. Masu karatu na Maraɗi da Yamai akan ba su lambar da za su biya da sefa. Wasu marubutan kan haɗa kai su sayar da littattafansu a dunƙule da rangwame, irin yadda Zafafa Biyar suka yi suna da shi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ma, duk da wahalar da ya jawo, ya koya wa mata da yawa tura kuɗi ta waya, cinikin ya ƙara sauƙi.

Wannan ci gaba ne, ba zan rage shi ba. Matar da ke cikin gida a Funtuwa ko Gusau, ba ta san kowa a kasuwar Kano ba, ba ta da jarin bugu, yau da babban yatsanta take rubuta littafi, kuɗi ya faɗo mata a asusu ba tare da ta roƙi dillali ba. Ba a taɓa samun lokacin da mata suka yi rubutun Hausa da yawa irin yanzu ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da wasu daga cikinsu fili, ta nuna cewa a cikin taron akwai alƙalumma na gaske. Marubucin Amurka da ke sayarwa ta Amazon yana murnar samun kashi 70 cikin ɗari, tamu kuwa ɗari bisa ɗari take karɓa.

Sai dai ɗari bisa ɗarin nawa? Mu yi lissafi. A ce mutum ɗari biyu suka biya naira ɗari biyar-biyar, an tashi da dubu ɗari. Littafin kuwa wata huɗu ana buga shi a waya, kullum shafi, da goyo a baya da tukunya a wuta. Ya kama dubu ashirin da biyar a wata, ba a cire kuɗin data da caji ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024. Kuma in ka duba da kyau farashin sauka yake yi. Na san lokacin da ake biyan naira ɗari uku, wajen 2019, dala tana kusan naira 360. Ɗari ukun nan ta kusa dala guda. Ɗari biyar ta yau wajen sulusin dala ce kawai. Mudun shinkafa ya ninka, kuɗin Keke daga Tirkaniya zuwa cikin gari ya ninka, kamfanonin waya ma a watan Janairu na 2025 hukuma ta amince musu su ƙara kashi 50 cikin ɗari. Marubuciya ce kaɗai ke jin nauyin ƙara ɗari biyu, don ta san abin da za a ce mata: ai rubutu ne kawai, ba takarda kika saya ba.

Wannan magana, ai ba takarda kika saya ba, ita ce tushen kuskuren. Mun saba auna littafi da nauyinsa a hannu. Da takardar ta tafi sai muka ɗauka tsadar ta tafi da ita. Alhali mai karatu ba ta taɓa sayen littafi don takardarsa ba, labarin take so, shi kuwa labari wata huɗun da yake ci a da, ita yake ci yanzu. Abin da ya fi ba ni takaici, ƙanwata ba ta taɓa yin ciniki da kamfanin waya a kan data ba, duk mako sai ta saya, kuma rabin datar a karatun nan take ƙarewa. Kamfanin da ya ɗauko mata labarin ya fi wadda ta ƙirƙire shi samu a jikinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan mutum ɗari biyun nan da suka biya, ba su kaɗai ke karantawa ba. Kafin marubuciya ta rufe waya, shafin da ta saka a zauren kuɗi ya fita. Wata ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta jefa a zauren dangi. In littafi ya ƙare, wani ya tattara shi wuri ɗaya ya ɗora a shafinsa na intanet yana cin kuɗin talla, wani ya karanta shi da murya a YouTube, ragowar ya gangaro kwamfutar Baba. Hanyar da ta kashe kasuwar faifan fim a Ƙofar Wambai, ita ce dai. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, har da tanadin sa a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. To amma wace marubuciya ce za ta ɗauki lauya a kan littafin ɗari biyar? Shi ya sa katangar da ta rage musu ɗaya ce. A saman kowane shafi za ka ga an rubuta cewa duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ko ta fitar, ba a yafe ba, Allah ya isa. Akwai masu yi wa wannan dariya. Ni ba na yi. Kukan wanda ba shi da kotu ne, kuma ina da yaƙinin cewa yawancin waɗanda suke biya tsoron Allah ne ya sa su, domin da sun so samun na banza da sun samu. Kasuwar nan gaba ɗaya a kan amanar 'yan tsiraru take tsaye.

Yanzu ga inda arahar ke cin littafin. Kuɗin da ake biya na marubuciya ne ita kaɗai, kuma bai ishe ta ba, saboda haka babu kason kowa a ciki. Babu na edita. Shafin da aka rubuta da Asuba, kafin Azahar ya shiga hannun masu karatu, ba wanda ya sake dubawa. Shi ya sa za ka ga marubuciya mai basira, labarinta na riƙe mutum, amma ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, kalmomi a manne inda ya kamata a raba, rabin zance Turanci. Yaranmu kuwa a nan suke koyon rubuta Hausa, ba a aji ba. Tsarin biyan ma yana juya alƙalami. Tunda shafukan kyauta su ne tarko, dole a cusa musu abin da zai sa a tura kuɗi, kuma kowa ya san abin da ya fi saurin sa wasu tura kuɗi. Ana yawan zagin marubutan waya da batsa. Akwai masu yi, ba su ne mafi yawa ba, amma mai zagin ya tambayi kansa ko ya taɓa biyan wadda ta tsare mutuncin alƙalaminta. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano ta iya sa ido a kan maɗaba'a da shago, zauren WhatsApp kuwa ba shi da adireshi. Abin da zai gyara shi edita ne da mai karatu mai biya.

Babu kuma kason ajiya, kuma wannan ya fi tayar min da hankali. Littattafan shekarun 1990 duk da raina su da aka yi, suna nan. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tara su, Farfesa Graham Furniss ya tara nasa a Landan, ɗalibai suna rubuta kundi a kansu. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da ya fito a 1990, saboda yana nan a takarda aka same shi aka fassara, kamfanin Blaft na Indiya ya buga shi da Turanci a 2012. Dokar ɗakin karatu na ƙasa ta 1970 ta ce mai ɗab'i ya ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga. Littafin zauren WhatsApp fa, ina kwafinsa uku? Wata marubuciya da muke unguwa ɗaya, bazawara ce da ke riƙe da 'ya'ya uku da wannan sana'a, an fizge mata waya a bakin titi. Littattafai biyu kammalallu da rabin na uku suka tafi da wayar. Na je yi mata jaje, na ce, "Hajiya, ba ki ajiye su a wani wuri ba?" Ta ce, "Malam, a ina? Sai da na bi masu karatuna ina roƙo su turo min." Cikakken kwafin na farkon a wajen masu turi, wato masu cika wa mutane waya da littattafai irin Baba, ta same shi, waɗanda suka ɗauka ba su biya ba, an goge sunanta daga shafin farko.

Wani zai ce ai manhaja ce magani, a daina WhatsApp. Akwai gaskiya a ciki. A manhaja irin ArewaBooks kwafar rubutu ta fi wuya, littafi yana zaune wuri ɗaya, sabon mai karatu zai iya cin karo da tsohon aiki. Amma mun ga OkadaBooks. Okechukwu Ofili ya kafa ta a 2013, marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a ciki, a ƙarshen Nuwamba na 2023 ta rufe. Wanda ya sayi littafin takarda a shagon Baba, ko shagon ya ƙone littafinsa na ɗakinsa. Wanda ya saya a manhaja izinin karatu ya saya, ran da aka kashe injin kamfanin sai yadda hali ya yi. In kuma wata manhaja ɗaya ta yi ƙarfi ta tattare kowa, ranar za mu fara shan irin ruwan da Amazon ya shayar da Turawa, ita za ta ce ga farashi, ga kasonki, in ba ki so ƙofa a buɗe take.

Kamfanonin ɗab'inmu kuwa, a ganina sun yi sakaci. Sun tsaya a kan littafin makaranta, suna jiran hukumar jarrabawa ta sa littafinsu a manhajar karatu, suka bar kasuwar hikaya, wadda ita ce mai dubban masu saye na son rai. Tsofaffin ayyukan da ke hannunsu, da yawa yaron yau ba zai same su a shago ba, ba kuma zai same su a waya ta halastacciyar hanya ba, sai hoton shafuka da wani ya ɗauka a karkace. Wanda ya hana mutane hanyar saye bai kamata ya yi mamakin sata ba. Abin da kamfani ya iya wanda marubuciya ba ta iya ba, wato gyara, tsara shafi, ajiya, da bin haƙƙi a kotu, shi ne ainihin abin da littafin waya ya rasa. Kamfanin da zai je wurin marubuciyar da ta riga ta tara masu karatu dubu, ya ce kawo mu gyara, mu sayar a waya, mu buga kwafi kaɗan na takarda ga masu so da ɗakunan karatu, ga kasonki a rubuce, wannan kamfani ba zai yi asara ba.

Marubutan su ma akwai nasu. Ƙungiyoyinsu na intanet ba su ƙirguwa, amma mafi yawan ƙarfinsu a gaisuwa da taya juna talla yake ƙarewa. Masu Keke suna da farashin da ba a sauka ƙasa da shi, masu markaɗe ma haka. Me zai hana marubuta su tsayar da nasu gwargwadon tsawon littafi, su ware wani abu a ciki na mai gyara, su kuma riƙe rumbu ɗaya da kowane kammalallen littafi zai shiga da sunan mai shi da shekararsa? Na san za a ce in aka ƙara kuɗi sata za ta ƙaru. Ban yarda ba. Wadda ke jiran na sata, ko naira hamsin aka ce jira za ta yi. Wadda ke biya saboda Allah, ɗari biyun da aka ƙara ba za ta mayar da ita ɓarauniya ba, musamman in ta ga littafin ya fito tsaf. A nan Kaduna muna da dandalin da za a yi wannan magana. Bikin littattafai na KABAFEST a 2017 aka fara shi, na HIBAF kuma, wanda ya keɓanta da Hausa, ya fara a 2021. Ina so in ga ranar da za a zaunar da marubutan waya da masu maɗaba'a da masu turi a tebur ɗaya a irin wannan taro, a yi maganar kuɗi ƙiri-ƙiri.

Na sa masu turi da gangan. Har gobe akwai matar da ba ta da asusun banki, akwai wadda wayarta ba ta hawa intanet sosai, akwai wadda ba ta san wace marubuciya za ta bi ba. Shagon unguwa take aika yaro, kamar yadda uwarta ta yi. Aikin da Baba ya yi shekaru yana yi, wato sanin wane littafi zai dace da wace mata, bai mutu ba. Yadda ya zama wakilin kamfanin POS yana cin ladansa a kan kowace cira, haka zai iya zama wakilin marubuta, ya karɓi kuɗi a hannu, ya tura wa mai littafi nata, ya riƙe kasonsa. Na faɗa masa haka ranar. Ya ce, "In za su yarda da ni, ɗana, ai ni na fi son in ci halas. Da can ma ba kyauta nake ɗaukowa ba."

Da zan tafi ya ce in dakata. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani kwalin taliya, ya kaɗe ƙura. Ragowar littattafan haya ne, sun kai arba'in, gefunansu sun yi baƙi saboda hannu, wasu an ɗinke bayansu da zare, gara ta taɓa na ƙasa. A cikin bangon kowanne akwai rubutunsa da jan biro, ranar da aka karɓa da ranar da aka maido. Na tambaye shi kuɗinsu, ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa, mai ƙosai ce dama ke zuwa tana ɗiba. Na biya na ɗora kwalin a Keke. Da daddare na zauna ina jera su kashi-kashi, ƙanwata tana gefe da wayarta. Ta ɗauki ɗaya ta fara dubawa, ba ta ajiye ba sai da ta cinye na ɗaya da na biyu, sannan ta tambaye ni na uku. Na juye kwalin kaf, babu shi. Washegari na koma wurin Baba, ya buɗe tsohon littafin lissafinsa, ya bi layi da yatsa, ya ce wata mata ce a bayan masallaci ta karɓa ba ta maido ba, kuma sun daɗe da tashi daga unguwar.